Ƙanena da Aka Zana a Bangon Likita

Shekarar da aka zana ƙanena a bango, ni ce nake goya shi, ko da yake ya wuce goyo. Shi ne ƙaraminmu, duk gidan Auta muke ce masa. Ya kai shekarun shiga lakwal, wato makarantar boko, amma ƙyanda ta kama shi da bazara, ta bar masa ƙafafu kamar sillen kara, in ya yi taku kaɗan sai ya tsuguna yana haki. Damina ta yi ta ƙin mu a ƙauyenmu, can tsakanin Gangara da Tanut. Rumbun Baba ya daɗe a buɗe, awaki sun ƙare, anza muke ci, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci. Inna takan jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya mata ruwa don ɗacin ya fita, in ta dafa ta fara zuba wa Auta, sannan mu, ita kuma ta kankare gindin tukunya. Da ƙyandar ta yi tsanani, a bayanta ta ɗauke shi, da ƙafa ta kai shi Tanut, ta dawo da shi da rai. Ina so a riƙe wannan kafin a ji abin da aka mai da ita.

A ƙarshen wannan shekara wani proje na masu ba da agaji ya gina mana gidan likita, ɗakuna na siminti da rufin kwano, aka turo ma'aikaci guda, Majo muke ce masa. Yana yin allura, yana raba garin kunu ga yara masu rama, mutane na ganin girmansa. Shi ya ce za a kawo mai zane daga Damagaram ya yi hoto a bangon da ke kallon hanya, don mata su gani su koyi kula da yara. Yara biyu ake so, mai ƙiba da ramamme. Mai ƙiba bai yi wuyar samu ba, ɗan Majon ne da kansa. Ramammu kuwa sun cika gari, amma ƙofarmu ya zo ya yi sallama.

“Malam, yaron nan naka nake so ka ara mini,” ya ce da Baba. “Zama kawai zai yi a yi hotonsa. Zan sa shi cikin masu karɓar gari duk mako.”

“Hoto kuma? Na mene ne?”

“Na gwamnati ne. Taimakon jama'a ne.”

Baba mutum ne da in an ce gwamnati, magana ta ƙare. Inna ce ta yi magana daga bayan danga.

“A bari ya ɗan murmure mana, Majo. Dubi yadda yake.”

“Ai a yadda yake ɗin nan ake son sa.”

Inna ta ɗauka hoton za a kai wa manya su gani su ƙaro abinci. Washegari da safe ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa kwalli. Ba shi da rigar kirki, sai ta buɗe akwati ta fiddo zanenta na fita biki, shuɗi mai hoton zabi rawaya, ta yafa masa. Ta ce da ni, “Ki kula da shi, kada ya kunyata mu gaban baƙo.”

Mai zanen siriri ne, hularsa duk ɗigon fenti. An ce shi ke yi wa masu aski da masu manyan motoci zane a Damagaram, kuma gaskiya hannunsa ya iya. Ya kife turmi ya zaunar da Auta a kai. Abin da ya fara yi shi ne ya sa tsumma ya goge kwallin. Ya yaye zanen Inna ya rataye a tagar likita, ya bar yaron daga shi sai ɗan bante. Ni na tsuguna a bayansa na tallafe shi don kada ya faɗi.

Auta yaro ne mai dariya, ko a cikin ciwo. Da mai zanen ya ƙura masa ido ya runtse ido guda yana auna shi da tsinken fenti, sai Auta ya tuntsire da dariya. Mai zanen ya leƙa ɗaki ya ce, “Majo, yaron nan dariya yake yi, ba haka aka ce ba.” Majo ya fito da biskit, abin da Auta bai taɓa riƙewa ba, ya miƙa masa. Ya kai baki ke nan Majo ya zare daga hannunsa ya sa a aljihu, ya ce sai an gama. Auta bai yi kuka ba. Leɓensa ya sauko, idanunsa suka bi aljihun suka tsaya.

“Yauwa,” in ji mai zane. “Tsaya haka nan.”

Haka aka yi ta yi kowace safiya har aikin ya ƙare. In rana ta take a ba shi biskit ɗin, ya ɓantare ya ba ni, ya ɓoye wa Inna saura a cikin hannu har ya jiƙe da zufa.

Da farko murna na yi. Ina kallo fuskar ƙanena tana fitowa daga siminti, ta fi faifai girma. Ga kunnensa na hagu da ya ɗan karkato, ga tabon ƙyanda a saman gira, ga tsagar gidanmu a gefen ido. Ko makaho ya shafa zai ce Auta ne. Daga baya sai mai zanen ya fara ƙara abin da babu. Ya yi masa ciki kamar ƙwarya, ya sa masa majina har baki, ya jera masa ƙudaje a gefen ido. A bayansa ya zana wata mace ta juya masa baya, ta riƙe ƙugu tana hira, ya ɗaura mata zane shuɗi mai zabi rawaya.

Na ce, “Malam, ai Auta ba shi da ƙuda haka. Wannan kuma zanen Innata ne.”

“Yarinya, abin da aka ce in yi nake yi,” ya ce, bai juyo ba. “Zanen kuwa launinsa ne ya yi mini kyau.”

A ɗaya gefen bangon ga ɗan Majo da kumatu da riga, da kofin kunu a hannu, uwarsa ta rungume shi tana murmushi.

Inna ba ta ga bangon ba sai ranar buɗewa, da manya suka zo daga Tanut aka yi kiɗa. Muna isowa mata suka fara juyowa suna kallon ta, su kalli bango, su sake kallon ta. Ta tsaya. Ta kama wuyan hannuna ta matse har sai da na ji ƙashi. Ta ce, “Mu koma gida.” Amma ranar ce ake fara rabon gari, kuma babu komai a gidan da za mu koma. Muka shiga layi.

Duk mako haka take zuwa ta zauna a gindin bangon nan da Auta a cinya. Akwai wata mace da aka koya wa yi wa mata huɗuba kafin rabo. Takan ɗauki kara ta nuna hoton ta ce, “Kun ga wannan? Ga abin da sakaci ke jawowa. Kowace ta kula, kada ɗanta ya zama haka.” Karan na kan fuskar da ke bango, mai fuskar na zaune a ƙasa yana wasa da yashi. Inna takan ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Matan nan duk sun san ta, sun san wa ya taka zuwa Tanut da yaro a baya, da yawansu sun binne nasu a shekarar. Ban taɓa jin ɗaya ta ce a daina ba.

Ruwa ya dawo, hatsi ya yi, Auta ya murmure. Kafin ya balaga ya fi Baba tsawo, ƙirjinsa ya buɗe, shi kaɗai yake ɗaga damin da manya ke kamawa su biyu. An ɗauke Majo zuwa wani gari, ya tafi da ɗansa, ba wanda ya ƙara tuna yaron. Fentin mai kuwa ya zauna daram, rana ba ta cinye shi ba. Tun yana ƙarami yara suka sa wa Auta ɗan bango, sunan ya bi shi. In yaro ya ƙi cin tuwo, ta bayan danga za ka ji uwarsa tana cewa, “Ci, ko so kake ka koma ɗan bango?” Auta na wucewa da fartanya a kafaɗa, yana ji.

Lakwal ma a kan haka ya bari. Wata rana mushe, wato malaminsu na lakwal, ya kwashi ajinsu ya kai su gindin bangon don darasin tsabta. Yara suka yi ta dariya, mushe ya ce su yi shiru, amma ya ci gaba da darasinsa har ƙarshe. Auta ya dawo gida ya ajiye allonsa a kan rumbu, duk dukan da Baba ya yi masa bai koma ba. Ni na ci gaba, har Allah ya sa na zama malamar lakwal.

Yana saurayi sabon tashi, ranar kasuwa, da rana tsaka, ya cika bokiti da laka da kashin shanu ya je ya yaɓe hoton tun daga sama har ƙasa. Bai gudu ba, ya zauna a wurin. Aka kai magana gaban mai gari. Baba ya cire takalmi ya durƙusa yana ba da haƙuri, mai gari yana cewa kayan gwamnati ne, in jandarma suka ji ba a nan za ta tsaya ba.

Auta ya ce, “Ranka ya daɗe, fuskata ce.”

“Fuskarka na jikinka. Wancan bango ne. Ka je ka wanke.”

Ya wanke da hannunsa, ƴan kasuwa sun yi masa zobe. Ruwan ya tafi da ƙurar shekaru, hoton ya fito sabo, har zabin ya yi ƙyalli. Da ya dawo gida Inna ta ajiye masa fura, ya ture ƙwaryar ya ce, “Me ya sa kika ba su ni?” Inna ta tsuguna tana kwashe furar da ta zube. Wannan ce kaɗai muguwar maganar da na taɓa ji ya yi mata, kuma na san ta ci shi har ƙarshen ransa.

Bayan wannan ya bi masu ginar rijiya. Rijiyoyin yankinmu na Damargu masu zurfi ne, in mutum ya sauka sai an yi ihu yake ji, ba kowa ke iya aikin ba. Auta ya iya. Maigidansa yakan ce bai taɓa samun yaro mai zuciya irin tasa ba. Da rani su tafi wajen Tarka da rugagen Fulani da zangon Buzaye, da damina ya dawo ya yi wa Baba noma.

Da ya isa aure ya nemi wata yarinya a unguwar yamma. Tana son sa, uban ma bai ƙi ba. Kakarta ce ta ce ba za a kai jikarta gidan da aka zana yunwarsu a bango ba, duk baƙon da ya shigo gari sai ya gani. Aka mayar da kayan gaisuwa. Inna ta yi kwanaki ba ta fita ko rijiya. Auta ya ɗaure dagin haƙar rijiya da igiyarsa, ya tafi ba a jira damina ba. A Tarka ya yi aure, ya auri ƴar wani mai sayar da jirgin shayar da dabbobi, mace mai haƙuri wadda ba ta taɓa taka ƙauyenmu ba. Bai taɓa kawo ta ba kuma. Inna ta ga jikokinta ne a gidana, a garin da nake koyarwa ta wajen Belbeji, da muka shirya aka haɗu a can.

Ranar na ga Auta yana ciyar da ɗansa. Yaron ya ƙoshi yana kau da kai, shi kuwa yana ta tura masa loma, har matar ta ce, “Malam, zai yi amai fa.” Ya daka mata tsawar da duk gidan ya yi tsit. Inna ta tashi ta shiga ɗaki.

Baba ya rasu, Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Duk sau biyun Auta ya zo ta bayan gari, ta gonaki, don kada ya bi ta hanyar likita, ya yi kwanakin zaman makoki a cikin gida, ya koma ta inda ya zo. Shekara na zagayowa bayan Inna, wani sabon proje ya zo gyaran ginin. Safiya guda wasu samari suka shafe bangon da farin fenti, suka zana mace da jariri cikin gidan sauro. Ba su tambayi kowa ba, ba kuma wanda ya hana su. Abin da mai gari ya ce sai jandarma, ashe bokitin fenti ne da ƴan samari. Na kira Auta a waya na gaya masa.

“Yaya, Inna ta gani?”

“Ka san ba ta gani ba.”

“To,” ya ce, ya kashe.

A lokacin injuna sun fara huda rijiyoyi, aikin hannu ya ja baya. Da labarin zinariya ya ɓullo a arewa, bayan Agadas, masu neman waɗanda suka saba shiga rami suka zo har gida suka ɗauke shi. Ya yi shekaru a can. Yakan aiko da abin cefane, ya yi wa matarsa ɗakin siminti, ya saya wa yaran tumaki. In na tambaye shi aikin sai ya ce, “Rami rami ne, Yaya, sai dai wannan ƙura ce maimakon ruwa.”

Wata rana da hantsi, ina cikin aji, aka ce ina da baƙo. Na fito na ga wani mutum zaune a gindin aduwa, riga ta yi masa yawa, yana tari cikin rawani. Sai da ya ce “Yaya” na gane shi. Bai wuce Tarka ba, wurina ya fara zuwa, ya ce ba ya so yaran su gan shi haka.

Na shimfiɗa masa a ɗakin baƙi. Na yi masa fura da nono, na yanka kaji, ba abin da ke zama. Tari na zuwa da jini. Mijina ya yi masa magana a je likita, ya ƙi. Limamin unguwa ya yi masa magana, ya ƙi. Ni na zauna a bakin tabarmarsa na ce, “Auta, don girman Allah. Magani kyauta ake bayarwa, mutane na warkewa.”

“Su tuɓe ni su tsaya suna kallo?”

“Ba wanda zai kalle ka. Ina tare da kai.”

“Wancan karon ma kina tare da ni,” ya ce, sai ya yi ƴar dariya don kada in ji zafi.

Na yi ta roƙo har ya yarda. Muka je da amalanke. Aka ce ya cire riga ya hau ma'auni, ya cire ya hau. Wata ƴar ma'aikaciya, yarinya ce ƙarama, ba ta san komai ba, ba ta nufin komai, ta leƙa ta kira abokiyar aikinta ta ce, “Ke, zo ki ga yadda bawan Allah nan ya rame.” Auta ya sauko daga ma'aunin. Ya ɗauki rigarsa ya sa, ya gyara rawani, ya fita. Na bi shi ina kira, yarinyar ma ta biyo mu tana ba da haƙuri ba ta san laifinta ba. Bai hau amalanken ba. Da ƙafa ya koma gida, yana tsayawa yana dafa bango.

Na koma ni kaɗai na roƙi babban likitan ya zo gida. Mutumin kirki ne, ya zo, Auta ya bar shi ya saurari ƙirjinsa ta kan riga. A ƙofar gida ya ce da ni ƙurar dutse ta riga ta cinye huhun, za a ba da magani amma in shirya zuciyata. Na aika Tarka aka zo da matarsa da yaran. Ya yi fushi da ni kwana guda, sannan ya ce a shigo masa da su. Ƙaramar ƴarsa ta hau cinyarsa tana ja masa gemu, ya bar ta.

Ya ce da ni, “Kada ki kai ni gida. A nan za a rufe ni.” Haka aka yi. Ya rasu gab da faɗuwar damina, da la'asar, bai kai shekarun da Baba yake da su lokacin da ya haife shi ba.

Mutanen ƙauyenmu sun zo ta'aziyya cike da mota. Cikinsu akwai wata tsohuwa, ƙawar Inna, tana kuka da gaske. Wata maƙwabciyata ta tambaye ta ko danginta ne, ta share ido ta ce, “Ai ɗan bangonmu ne, Allah ya jiƙansa. A gabanmu ya girma.” Na lura ba ta iya tuna sunansa na yanka ba. Na miƙa mata ruwa, na amsa gaisuwarta, na shiga ɗaki.

Matarsa ta yi takaba a gidana. Da ta fita, ƴan'uwanta suka zo ɗaukar ta. Na roƙe ta ta bar mini ƙaramar in sa ta lakwal, ta ce, “Yaya, ki yi haƙuri, ya ce kada in raba su.” Ban ja ba. Babban ɗan ya ɗaure dagin ubansa da igiya a cikin buhu, na ce ya bar su nan, ya ce maigidan babansa ya yi masa alkawarin aiki in rani ya yi. Na kalli uwar, ta sunkuyar da kai. Na raka su tasha, na saya wa yaran ƙuli-ƙuli da dabino, motar Tarka ta cika ta tashi. Sukan kira ni da salla. Bana babban yaron ya gaya mini ya fara sauka rijiya shi kaɗai.